Ƙurajen da Suka Raba Tahiratu da Mama Nankling

Tahiratu 'yar Zongon Kumasi ce, amma ta daɗe a ƙasar Turawa, a wata unguwa da ake kira Soundview. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, wani kamfani ne ke tura ta. Wadda ta fi jimawa da ita ita ce Mama Nankling, tsohuwa 'yar Filato da ke zaune wurin 'yarta Abigel a unguwar Harlem. Tsufa ya kwashe wa Mama Turancinta kaf, sai yarensu da Hausa suka rage. In Tahiratu ta yi sallama da safe, tsohuwar takan washe baki ta ce, "Ƙanwata ta zo."

Ɗaga tsohuwa da hawan matakalar jirgin ƙasa sun cinye wa Tahiratu gwiwoyi. Wata maƙwabciyarta ta ba ta shawara ta gwada ruwan teku. Ta sayi kayan wanka masu rufe jiki daga wuya har idon sawu, ta riƙa zuwa ranar Lahadi. Ba ta iya iyo ba. Takan shiga ne ruwa ya kai mata ƙirji, ta tsaya, ta ji jikinta sakayau.

Wata Lahadi cikin Agusta ta fito tana jin kamar ana tsira mata allura. Ta hau jirgi da jiƙaƙƙun kayan a ƙarƙashin abayarta. Kafin gari ya waye ƙuraje jajaye sun feso mata a wuya, da ciki, da baya, har damtse. Ta shafa man kaɗanya, ƙaiƙayin ya ƙaru. Haka ta tafi aiki tana cije leɓe.

Tana wanke wa Mama ƙafa ta naɗe hannun riga, Abigel ta gani.

"Anti Tahiratu, mene ne wannan a jikinki?"

"Wanka na yi a teku jiya."

"Teku? Ba ƙazuwa ba ce kuwa? Ko kuɗin cizo? Kin san fatar Mama ba ƙwari, ga jariri a gidan."

"Wallahi ban sani ba, 'yata."

Abigel ba ta yi faɗa ba. Ta dai kira kamfani. Aka ce Tahiratu ta zauna a gida sai ta warke.

Likita ta duba Tahiratu, ta ce ƙurajen ba sa yaɗuwa. Wasu ƙananan halittun ruwa ne, da ƙyar ido ke ganinsu, suna maƙalewa tsakanin tufafi da fata su yi harbi.

"Duk inda kaya suka rufe, nan suka fi yin ɓarna," in ji ta. "In za ki koma, ki rage suturar."

Abin ya ba Tahiratu mamaki. Ta rage ta koma yaya, a gaban jama'a?

Ta kira Abigel ta faɗa mata abin da likita ta ce. Abigel ta ce ta yarda, amma a bari su bushe tukuna. Ta cikin wayar Tahiratu tana jiyo muryar Mama tana tambayar wani abu da Hausa, sabuwar mai aikin da kamfani ya tura tana amsa mata da Turanci, da ƙarfi, kamar kurma take yi wa magana.

Ƙurajen ba su bushe da wuri ba. Susa ta sa wasu suka yi ruwa. Kafin ta warke, Mama ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Daga asibiti aka wuce da ita gidan jinyar tsofaffi can wajen gari.

Abigel ce ta kira da kanta tana kuka.

"Anti, da na sani..."

"Ki daina, 'yata. Haka Allah Ya rubuta."

Kamfani ya tura Tahiratu wurin wani dattijo a wata unguwa mai nisa, Tompkinsville. Jirgin ƙasa take hawa, ta hau jirgin ruwa, ta hau bas. Ta tambayi hanyar zuwa wurin Mama, aka ce sai mai mota. Abigel ta ce za ta ɗauke ta wata Asabar, amma Asabar ɗin duk Tahiratu tana aiki.