Baba Nata'ala da Shafukan da Aka Yanke

Shekara goma sha tara Baba Nata'ala ya yi yana jera littattafai a ɗakin karatun makarantarmu da ke Dutse. Daga Kiyawa yake zuwa kullum a kan babur. Karatunsa bai wuce sakandare ba, amma ko malamanmu shi suke tambaya idan littafi ya ɓace.

Aikinsa na farko kowace safiya shi ne farauta. Ɗaliban tattalin arziki suna da wata mummunar ɗabi'a: mutum ya ga littafi mai amfani, sai ya cusa shi bayan littattafan kimiyya don kada ɗan ajinsa ya samu. Baba zai bi kanta-kanta yana zaƙulowa yana tsaki.

A shekarata ta ƙarshe na zaɓi yin bincike kan farashin gero a kasuwanninmu. Wata biyu na yi ina rubutu kafin malamina ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga alƙaluman farashi na shekara goma. Intanet ba ta da su. Baba ya ce akwai wani tsohon rahoto, kwafi ɗaya tak, shi da kansa ya ɗinke bangonsa da zare.

Ya ɗauko ya buɗe a gabana. Daga shafi na arba'in sai na arba'in da bakwai. An bi gindin takardun da reza, a tsanake, kamar aikin tela.

Ya duba wanda ya karɓa a ƙarshe. Zuhair ne, ɗan ajinmu, wanda bincikensa ya yi kama da nawa. Baba ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗana, ina shafukan nan?"

"Haba Baba, wa ya ce ni ne?"

"Ni na ce. Lafiya lau na ba ka shi."

Zuhair ya yi dariya. "To ai na ɗauki hotonsu a waya."

"Ka ɗauki hoto, me ya kai ka yankewa kuma?"

Ya dube ni kawai. A nan na gane: ya yanke su ne don kada ni in samu.

"Tura wa yarinyar nan," in ji Baba.

"Wayar babu caji, Baba."

Ba ta taɓa samun caji ba har muka gama makaranta. Dole na sauya batu, na koma farko.

Washegarin ranar da ya tare Zuhair, Baba ya kwashe rahotannin da suka rage ya kulle a durowarsa. Yanzu duk mai so sai ya zauna a gabansa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur, Baba na ƙirga shafuka kafin ya miƙa da kuma bayan an dawo da shi. Ɗalibai suna kiransa mugun tsoho. Da na faɗa masa, ya ci gaba da ƙirga, bai ko ɗago kai ba.