Gada Mai Miƙa Hannu

Yau shekara tara da rasuwar wana Habibu a nan Madina. Allah Ya jiƙansa. Da zai leƙo yau, wallahi ban san da wane baki zan yi masa bayani ba.

Habibu ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a kan kubri, kamar yadda mutanen nan ke kiran gada. Amma wadda ta ɗauke masa hankali ba ta ƙasar nan ba ce. Irin wadda ake ginowa daga gaɓa biyu ce, kowane ɓangare ya miƙo hannu a kan kogi, babu abin da ya tokare shi, har su haɗu. Ya ce mafi tsawo tana Kanada, kuma ta taɓa ruftawa da ma'aikata kafin a gama ta. In ya ɗauko wannan labari a gidansa na unguwar Ƙuba, shayi sai ya huce. Nakan ce, "Yaya, ko Jidda da ƙyar kake zuwa, ina kai ina Kanada?" Sai ya ce, "Kai dai riƙe wannan, Sani. Hannun da aka miƙa, in bai samu ɗan'uwansa ba, nauyinsa ke kayar da shi."

Kowace Juma'a yakan kira babbar yayarmu Rabi, wadda iyayenmu suka bari a Kano wurin kaka da suka taho hajji suka zauna. Yakan jera 'ya'yansa su gaishe ta da Hausa, suna so ko ba sa so. Har tsiya nake masa, wai ya cika takura. Ashe zumuncin da aka ce a ƙafa yake, namu a harshe yake.

Yanzu Yaya Rabi idonta ya tafi, murya kaɗai take gane mutum da ita. Watan jiya ta sa aka kira mata lambar Habibu, wadda babban ɗansa Faisal ya gada. Faisal mutumin kirki ne, yana jin Hausa, amma bakinsa Larabci. Ya gane ta, ya gaishe da gwaggonsa da Larabci cikin murna, "Hala ya amma, kef halik?" Ta ba shi haƙuri, ta kashe.

Ƙarfen da Habibu ya haɗa yana nan, motoci na bi ta kai zuwa unguwar Harra ta Yamma. Wannan kam ya tsaya. Sauran abin da ya haɗa ne ke ba ni tsoro.

Washegarin wayar nan Yaya Rabi ta kira ni. "Sani, ashe lambar Habibu an sayar wa wani Balarabe? To ina yaran suka koma?"

Na ce mata zan bincika. Har yau tana jiran in samo mata su.