Benci a Ƙofar Manaja

A ofishin kamfanin da ke kula da gidajen haya an kwashe kujerun jira kaf, wai don mai ƙorafi ya gaji ya kama gabansa. Ko kujerar mai karɓar baƙi ba ta tsira ba. Manaja ya ce zama ne ke kawo surutu.

Ga mai karɓar baƙin nan, gajeriya kakkaura, tabarau a karan hanci. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya sallama, ta take bayansa. Da ganin yadda take dafe ƙugu ka san aikin nan ne ke riƙe da gidanta, kuma ta ga yadda ake korar masu baki.

Amma yau da benci ta zo, a ka ta ɗauko shi. Ta girke shi daidai ƙofar manaja, ta zaunar da wani tsoho da rufinsa ke yoyo tun bara.

Manaja ya leƙo. "Malama, kin gaji da aikin ne?"

"Da tsayuwa na gaji, yallaɓai. Baba, ɗan matsa mini."

Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta tuɓe takalmi. Waya na ta kururuwa a teburinta, 'yan haya na ta cika bencin har hanyar fita ta toshe.

"In kora ce," in ji ta, "sai ka fara sauraron Baba, sannan mu ba ka hanya."