Ashe faifan Malam hawa biyu ne

Jama'a, yau maigidana marigayi Malam ya tona wa amininsa asiri!

Muna zaune, ni da ɗana Sani, da matarsa Mariyama mai rubuta min wannan, da Agali aminin Malam. Sani ya sayo sabuwar na'urar kallon faifai, muka sa faifan walimar barin aikin Malam a kamfanin haƙar ma'adinai. A tsohuwar, kullum wajen addu'a yake tsayawa. Yau sai ya zarce!

Na ce, "A'uzubillahi! Daga ina?"

Sani ya ce, "Inna, hawa biyu ne, kamar bene. Hasken tsohuwar iyakarsa na farko, wannan yana ratsawa ya karanta na biyun."

Sai ga Malam a bayan rumfa. Mutumin da likita ya hana zaƙi! Agali na zuba masa sukari a shayi, Malam na dariya: "Kada Hajiya ta ji."

Agalin da ya rantse min bai taɓa ba shi ba!

Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Hajiya, ka yi haƙuri, shi ya roƙa."

Na ce, "Sani, mayar min baya, in sake jin dariyar."

Agali kuwa, gobe da safe ya zo ya same ni.