Tekun da na kai wa Kaka a kwalba

Kakata ba 'yar Kaduna ba ce. A bakin teku aka haife ta, can wajen Oron, aure ne ya kawo ta Kakuri, kuma tun daga nan ba ta sake ganin ruwan da ya fi kogin Kaduna faɗi ba. Mijinta, Baba Yohanna, mutumin Zonkwa ne, yana aiki a sashen rini na masaka. Hausarta a Kakuri ta koye ta, haɗe da Turancin buroka, kuma ba wanda ya isa ya gyara mata.

Da yamma idan aka tashi daga masaka, Baba zai shigo da hannaye baƙi ƙirin, rigarsa na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin rinin ke nan, shi ne kuma warin kwatar da ke bi ta bayan layinmu. Kullum maganar Kaka ɗaya ce.

"Rifkatu, Babanku ya taso. Ɗora masa ruwan wanka kafin ya kashe mu."

Shi kuma sai ya yi dariya, ya ce warin nan ne ke ciyar da mu.

Ruwan na kan murhu, mu jikoki muna kewaye da wutar muna gasa masara, a nan take ba mu labari. Ba ta farawa yadda ake farawa a sauran gidaje. Sai ta ɗaga hanci sama, ta shaƙi iska, ta ce, "Kun ji? Teku yana gaishe ku." Mu dai hayaƙi kawai muke ji, sai kwata.

Labarin da ta fi maimaitawa na Teku ne da ƙanwarsa Sama. Wai sun yi faɗa, Sama ta yi fushi ta kwashe gajimarenta ta haye can nesa. Ƙasa ta bushe, gonaki suka ƙone. Teku ya yi nadama, yana so ya aika mata da biko, amma wa zai hau? Babban kifi ya yi tsalle, ya faɗo. Ƙaguwa ta ce ita ko tafiya a miƙe ba ta iya ba. Sai waɗansu 'yan korayen abubuwa suka yi magana, ƙanana ne fiye da garin tuwo, ba wanda ya taɓa sanin suna cikin ruwan. Suka ce su ma ba su iya hawa ba, amma idan an cinye su, numfashinsu na ƙarshe yana tashi sama. Suka bar ƙananan halittun ruwa suka yi ta cinsu. Numfashin ya tashi, Sama ta shaƙa, ta gane warin gidansu, ta fashe da kuka.

"Kukan nan ne ke tafiya da ƙafa har Kakuri," in ji Kaka. "Shi kuke tarewa da bokiti, marasa godiya."

Na taɓa tambayarta ko 'yan korayen sun dawo. Ta ture itace cikin wuta, ta ce, "Waɗansu suka fito a madadinsu. Ci masararki."

An rufe masaka ina sakandare. Baba bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Ni kuwa karatu ya kai ni Legas, yanzu ina aiki a ɗakin binciken ruwan teku, kuma 'yan korayen Kaka ne nake kallo a madubin ƙara girma kullum. Gansakukar teku ce mai ƙwaya ɗaya. Tana ajiye wani sinadari mai farar wuta a jikinta don jure gishiri. Idan an cinye ta ko ta mutu, ƙwayoyin bakteriya su farfasa sinadarin, wani kaso ya fita ya zama iska. Iskar nan tana cikin abin da hanci ke ji a ce warin teku ne. A sama takan rikiɗe ta zama 'yan ƙwayoyin da raɓa ke taruwa a jikinsu har gajimare ya haɗu. Ruwa ya sauko da farar wutar kan ƙasa, koguna su mayar da ita teku. Ranar da malaminmu ya zana wannan a allo, ina zaune a baya ina jin ƙamshin gasasshiyar masara.

Shekara shida ban je gida ba. Ba faɗa muka yi ba, aiki ne kawai da "sai Kirsimeti mai zuwa". Sai ga wayar Anti Saratu, ƙanwar babana, wadda ke jinyar Kaka. Ta ce Kaka ta daina gane mutane, ta daina cin abinci, abu ɗaya take ta faɗa: a kai ta ta ji warin teku sau ɗaya.

"Ko ƙofar gida ba za ta iya kaiwa ba," in ji Anti. "Ke da kike zaune a bakinsa, ki yi wani abu mana."

Na ɗauki kwalbar roba babba na je bakin ruwa. Don warin ya yi ƙarfi, na cusa gansakuka da ciyawar teku har wuya, na cika da ruwa, na murɗe murfin tam. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa abin nan yana bukatar iska da haske da sanyi! Wallahi na sani. Na dai zuba ƙanƙara a kula, na sa kwalbar a ciki, na shiga mota. Ƙanƙarar ta narke tun kafin Lokoja, motar ta lalace muka yi kwana biyu a can, kwalbar na cikin but ɗin motar a rana. Da muka wuce Kakau, dab da Kaduna, na taɓa ta, ta kumbura, ruwan ya yi baƙi.

Na samu Kaka a kan tabarma a tsakar gida, ta koma kamar ƙullin kayan wanki. Ta dube ni kamar yadda ake duban bango. Na durƙusa na ce, "Kaka, ni ce Rifkatu. Na kawo miki teku."

Na buɗe murfin. Anti ta toshe hanci ta ja da baya. Gansakukar ta mutu ta ruɓe a rufe, wasu ƙwayoyin dabam suka mayar da farar wutar ta zama iskar ruɓaɓɓen ƙwai. Babu teku a ciki ko kaɗan. Na kai hannu zan rufe, sai Kaka ta riƙe kwalbar da hannu biyu. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta juya ta dubi ƙofar gida, sannan ta dube ni, wannan karon ni ɗin take duba.

"Rifkatu, Babanku ya taso. Ɗora masa ruwan wanka."

Kwana huɗu ta ƙara. Ban yi kuka a jana'iza ba, har yau ban yi ba, kuma ba jarumta ba ce. Wurin da kukan zai fito ne kawai ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Da ina yarinya na ɗauka darasin labarin shi ne ƙarami ma yana da amfani. Yanzu abin da nake gani a cikinsa shi ne saƙon bai tashi ba sai da masu ɗauke da shi suka mutu. Ban san abin da zan yi da wannan ba. Abin da ta roƙa dai ban kai mata ba.

Amma a ranar da na kai mata kwalbar, na tashi. Na hura murhu, na cika babbar tukunya, na ɗora. Kaka na rungume da kwalbar tana kallon ƙofa. Da ruwan ya tafasa ta ce in sirka, Baba ba ya son mai zafi sosai. Na sirka, na kai bokitin banɗaki, na ajiye sabulu da soso a gefe.