Ranin da Na Bi Maigida Gandun Daji

Shekara goma sha ɗaya maigidana ya yi yana dafa wa baƙi abinci a wani masauki da ke cikin gandun daji, can hayin iyaka a ƙasar Benin. Da an gama yankan shinkafa sai ya ɗaure jakarsa ya bar Geza, ba mu sake ganinsa sai ruwan farko ya sauka, domin da damina hanyoyin dajin ba su biyuwa, rufe wurin ake yi. Ni da ɗiyarmu guda muke zama. Ina ɗinki a ƙofar ɗaki, tana karatu kusa da ni, haka muke cinye rani.

Shekarar da ta samu makarantar kwana a Birnin Kebbi, gidan ya yi mini faɗi. Nakan ɗora tukunya in auna abincin mutum uku, sai na sauke in tuna. Da lokacin tafiyarsa ya matso, na same shi yana ɗinke hannun jakarsa.

Na ce, "Maigida, bana da ni za ka tahi."

Ya yi dariya bai ɗago kai ba. "Ki yi mi can? Babu kasuwa, babu biki, babu maƙwabta."

"Nan ɗin ma mi nike yi?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Bayan kwana biyu ya ce ya yi waya da manajan wurin, an yarda, tunda yana da ɗaki nasa shi kaɗai.

Mun bi ta Dole Kaina ran kasuwa, muka shiga jirgin ruwa mai inji tare da buhunan albasa da wata akuya da ta yi ta kuka har muka ƙetare kogin Kwara. Daga nan kabu-kabu, daga nan mota, sai motar masaukin ta ɗauke mu a garin ƙarshe. Muka yi ta tafiya babu gona, babu gida, babu ko yaro mai kiwo. Ban taɓa ganin ƙasa mai yawa haka wadda ba kowa a cikinta ba.

Masaukin ba shi da girma. Tantuna takwas ne a ƙarƙashin itatuwan tsamiya da kanya, kowanne da gado da makewayi a ciki, sai wata babbar rumfa da baƙi ke cin abinci, tana kallon tafki. Ɗakunan ma'aikata suna bayan kicin, an kare su da zana don kada baƙi su gani. Ran da muka isa manajan ya yi mini bayani da Faransanci, maigida yana mayar mini: kada in wuce jerin duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa, kada in je bakin tafki, kada in bar abinci a waje saboda birai, kada in shiga rumfa in akwai baƙi.

Ni kaɗai ce mace a cikin ma'aikata. Su Dandawa ne da Bargawa da Gurmawa biyu. Dandancin da na iya na ciniki ne, bai wuce gaisuwa da ƙidaya ba. Suna girmama ni, kowa zai rusuna ya ce "Madam", daga nan magana ta ƙare.

Abin da ban zata ba shi ne maigida. A Geza mutum ne mai shiru, in ya dawo masallaci ya zauna ya kunna rediyo. A can kuwa farar riga yake sawa da doguwar hula, ana ce masa "shef", yana daka tsawa, yana ba'a da Faransanci ma'aikata na tuntsirewa da dariya. Nakan tsaya bakin zana ina kallonsa kamar mijin wata. Da asuba yake fita ya gasa burodi. Da rana in ya shigo salla sai ya ce, "Lahiya dai?" in ce lahiya, ya koma. In ya tashi aiki kuwa, ƙafafunsa sun kumbura, ko hira ba ya iyawa.

Wayata ba ta kamawa sai an hau wani tudu, shi ma yana bayan fararen duwatsu, sai mai gadi ya raka ni. Ran Lahadi kawai ake ba ɗalibai waya a makarantar ɗiyarmu, wani lokacin in hau tudun in yi ta kira ba a ɗauka.

A mako na biyu na gano wata kafa a jikin zana, bayan igiyar shanya. In na ja kujerata can, ina hango kusurwar tafkin. Nan na koma wuni. Sannu a hankali na gane kowa da lokacinsa. Zabin daji ne ke fara sauka, da gudu, kamar an makara. Hantsi na gadu ne, ya durƙusa da gwiwoyinsa na gaba yana tonon ƙasa, 'ya'yansa na biye da jela a tsaye. Mariya kan zo garke guda, su daɗe suna tsaye suna saurare kafin ɗaya ta yarda ta sa baki a ruwa. Gwanki sai la'asar, shi kaɗai ko su biyu. Akwai wani kada da na yi kwana huɗu ina ɗauka gungume ne. Birai kuwa har ɗakina suka shigo suka ɗauke mini ƙullin daddawar da na taho da ita daga gida, na zauna na yi kuka kamar an yi mutuwa, ni kaina na san ba daddawar ba ce.

Giwa ce ban gani ba. Nakan ji ma'aikata na faɗin sun zo, amma ta ɗaya gefen suke sha, inda kafar zana ba ta kai ba.

Cikin wata na uku wata tsohuwar Baturiya ta sauka, ita kaɗai, ba miji ba ɗa. Gashinta fari fat, tana dogara sanda. Baƙi kan yi kwana biyu ko uku, ita ta yi tara. Wata rana ta zagayo bayan kicin tana bin wani tsuntsu, ta same ni ido a kafar zana. Na miƙe da sauri, kunya ta kama ni. Ta leƙa kafar, ta dube ni, ta cire madubin hangen nesa da ke wuyanta ta miƙo mini. Ban san yadda ake riƙe shi ba, ita ta gyara mini. Sai ga idon mariya a gabana, har gashin idon ina gani, da ƙuda a kan hancinta. Na ja da baya na ce, "La'ilaha!" Tsohuwar ta yi ta dariya.

Washegari manaja ya aiko: baƙuwa ta ce ba ta fita kallon daji sai da matar shef. Maigida ya shigo yana goge hannu.

"To uwargida, kin yi ƙawa. Sa mayahinki, mota na jira."

Motar buɗaɗɗiya ce mai kujeru hawa-hawa. Direba a gaba da mai gadi riƙe da bindiga, ni da tsohuwa a baya. Mun yi kusan awa biyu muna bin wata busasshiyar ƙorama. Can mai gadi ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji.

Ƙarar karyewar reshe na fara ji. Sannan abin da na ɗauka inuwar itace ne ya motsa. Sai giwaye suka fito ɗaya bayan ɗaya, na ƙidaya goma sha huɗu, jikinsu ja saboda ƙasar da suka watsa wa kansu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙafafunsu ba su ƙara ko kaɗan. Babbar cikinsu ta tsaya tsakiyar hanya ta fuskance mu, ta buɗe kunnuwa, ta tsaya nan har sauran suka wuce. Akwai wani ƙarami da bai iya sarrafa hancinsa ba tukuna, yana taka shi yana tuntuɓe, wata ta sa nata hancin ta turo shi gaba. Ina jin warinsu, kamar na garken shanu bayan ruwa, amma ya fi kauri.

Na juya in ce, "Kin ga ɗan can?" Maganar ta fito, sai na tuna ba mai jin Hausa a motar. Tsohuwar ma tana faɗin wani abu da harshenta, hawaye na bin kumatunta. Ta kama hannuna ta matse. Muka zauna haka, kowa da abin da ke bakinsa.

Da muka dawo ban ko cire mayafi ba na nufi kicin. Na tarar da shi tsakanin tukwane, wasu baƙi shida sun iso ba zato.

"Maigida, na gan su! Goma sha huɗu, har da jinjiri, in ka ga yadda..."

"Awo, suna nan kullum," ya ce, yana yanka albasa. "Matsa kaɗan, mai ya yi zahi."

Na matsa. Na koma ɗaki na zauna bakin gado, labarin yana cikina ba inda zan kai shi. Ran Lahadi na hau tudu don in ba ɗiyata, aka ce suna jarrabawa. Tsohuwar ta tafi bayan kwana biyu. Ta zo har bayan zana ta yi mini sallama, ta faɗi magana mai tsawo, na amsa mata da tawa mai tsawo, na yi mata addu'ar sauka lafiya. Ban san sunanta ba, ban san ƙasarsu ba.

Daga nan na daina kai masa labari. Shi ma bai tambaya ba.

Da bazara ta kama, baƙi suka fara raguwa. Ana ta raɗe-raɗin 'yan bindiga sun shigo ta arewacin dajin. Masu gadi suka daina wasa, manaja kullum yana kan tudu da waya a kunne. Aka kai ga tantuna takwas ba kowa ciki. Maigida ya wanke tukwanensa ya kife, ya wasa wuƙaƙe, ya sake wasawa. Ya rasa inda zai sa kansa.

Ran nan da la'asar na ce masa, "Tunda ba baƙi, mu tahi rumfa mu zauna."

Ya biyo ni. Ya zauna a bakin kujerar kamar wanda za a kora. Tafkin ya janye sosai, dabbobi sun taru a ɗan ruwan da ya rage. Na shiga nuna masa: wancan gwankin mai karyayyen ƙaho kullum shi ke zuwa ƙarshe, wancan gadun 'ya'yansa biyar ne da, yanzu saura uku.

Ya ce, "Duk ina kika san wannan?"

"Ta kahwar zana."

Can ya ce, "Kin san ban taɓa zama nan ba? Sai dai in kawo faranti in koma. Motar nan ma ban taɓa shiga ba."

"Shekara goma sha ɗaya?"

"Lokacin da suka hita ni ina tuya, lokacin da suka dawo ina rabo. Giwa daga tagar kicin nike ganin bayanta." Ya murza idonsa. "Ran da kika zo kina ba ni labari, haushi na ji. Ba naki ba. Wata ukku kika yi, kin ga abin da ban gani ba."

Na ce, "Ni kuwa na ɗauka kana jin daɗi. Kullum kana dariya."

"Dariyar aiki ce. In na rufe ƙofa, hoton ɗiyarmu nike kallo."

Muka zauna har aka fara duhun magariba, ya tashi ya yi alwala.

Kwana uku kafin a rufe wurin, na roƙi direba da hannu da ɗan Dandancina ya fita da mu. Ya yarda, amma mai gadi ya ce ba za a yi nisa ba. Maigida ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau kujerar baya. Muka yi awa guda muna zagaye cikin zafi. Ba mu ga komai ba sai kashin giwa busasshe, da burtu biyu, da wani gadu da ya tsere ya faɗa rami da baya. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai rabonsa ke nan. A hanyar dawowa ya ce in ba shi labarin goma sha huɗun nan, daga farko. Na ba shi, amma ya riga ya huce, ban iya faɗinsa yadda na so ba.

An kwance tantunan a gabanmu, aka loda a mota. Manaja ya ce sai abin da hali ya yi. Ba a sake buɗewa ba.

Mun yi damina guda tare a Geza. Ya gwada noma a fadamar wansa, bayansa bai ɗauka ba. Da kaka wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa gurbi a wani otal a Parakou, inda ba a rufewa rani ko damina, sai hutun salla. Na ce in bi shi, ya ce ɗaki ɗaya suke kwana su huɗu.

Na raka shi tashar Bagudo. Motar ta daɗe ba ta cika ba, muka zauna kan benci muna cin gyaɗa, yana ta jaddada mini in sa a gyara rufin ɗaki kafin ruwa. Da ta tashi na tsaya har ta sha kwana, sannan na shiga kasuwa na sayi zare baƙi da fari, na nemi mashin mai komawa gida.