Jinyar Babban Yatsa a Suwaidi

Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma akwai fanni guda da na ƙware a kai tun ina gida, wato dangwale. Zamanin da nake da ƙarfi, ranar zaɓe ba a nema na a rasa. Yatsuna goma babu wanda bai yi wa ƙasa hidima ba, Allah dai Ya yafe mana. Na faɗi wannan ne don a gane irin shawarar da na ba wani abokina a Riyad.

Lokacin ana ta haƙe titunan garin saboda jirgin ƙasa. Muna kwana a unguwar Sulay, mu shida a ɗaki, da sassafe motar kamfani ta kwashe mu zuwa wani gini a Suwaidi. Ni haris ne, mai gadin ƙofa, aikin da aka yi don jikina: kujera, inuwa, butar shayi. Abokin nawa birkila ne, mutumin wani ƙauye da birnin Abuja ya kusa haɗiyewa. In ce masa Bagware, ya ce Gbagyi ake cewa, in ce bakina ya tsufa. Daga baya na naɗa shi Sarkin Doya. Shi kuma ya sa mini Baƙo, wai duk Bahaushen da ya sani a ƙasarsu da tabarma ya zo neman wurin kwana, kafin gari ya waye ya zama mai unguwa.

Mutanen ƙauyensu sun haɗa kai sun ɗauki lauya. Suna so kotu ta tabbatar su ne 'yan asalin wurin, a bar musu ragowar gonaki da maƙabartar kakanninsu, wadda wani mai gina rukunin gidaje ya riga ya kewaye da turaku. Kullum a mota yana sauraron saƙon murya da yarensu yana kaɗa kai. In tambaye shi ko an raba doya ne babu shi, ya yi banza da ni.

Rannan wani da ya dawo hutu ya kawo masa takarda. Lauya yana son babban kowane gida ya dangwala, shi ne kuwa babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsa. Gidan da babu yatsansa babu shi a cikin ƙarar. Mai tafiya gida na gaba saura kwana ashirin ya tashi, shi zai koma da ita.

Muka samo tawada muka gwada a bayan kwalin shayi. Baƙin tabo kawai ya fito, sumul, kamar an ɗiga miyar kuka. Siminti ya cinye zanen yatsan ƙaf, don shekara da shekaru da hannu yake shafe kwaɓi, safar hannu ba ta kwana biyu a wurinsa. Muka gwada na hagu, gara ma na dama.

Nan na gyara zama na miƙa masa nawa, mai zane raɗau, wanda ya daɗe bai ɗauki abin da ya fi kofi nauyi ba. Na ce yatsa ai yatsa ne, ba a taɓa yin alƙalin da ya tambayi tabo sunan ubansa ba. Na ɗan ba shi tarihin aikina don ya san ba ɗan koyo ya samu ba. Ɗaki ya ɗauki dariya, ban da shi. Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin filo.

"Baƙo," ya ce, "gonar babana ta bakin rafi haka ta tafi. Muka je ranar biyan diyya, aka ce ai mun karɓa. Ga sunanmu, ga yatsan wani."

Ya ƙara da cewa akwai tsohuwar takardar ƙidayar gidaje da ya dangwala tun yana saurayi, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ba abin da yake jira irin ya kama tabo guda na ƙarya, ya ce duk ƙauyen hayarsu aka yi. Na mayar da yatsana aljihu.

Kunya ce ta sa na shiga neman wata dabarar. Wani mutumin Maraɗi da ke ɗakinmu ya ce zane yana dawowa in aka raba fata da siminti mako biyu zuwa uku ana shafa man kaɗe. To wa zai ba birkila hutun mako uku saboda yatsa? Na ce a bar mini wannan. Da safe na naɗe masa hannun da bandeji har ya kai curin sakwara, na ɗiga jan magani a kai, na ja shi gaban muraƙib, shugaban aikin. Na zuba Larabcina na kasuwa: bulo ya faɗo, yatsa ya tashi aiki, miskin ne, iyali da yawa. Har da ɗan share ƙwalla.

Muraƙib ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce mafi mushkila, wato babu matsala. Mai ciwo ya zauna a ƙofa, haris ya shiga ciki ya ɗauki kwaɓi.

Na ce ina da ciwon baya. Ya ce yalla, wato maza in wuce.

Kwana goma sha takwas na yi a ramin da na haƙa da hannuna. Mutumin Maraɗi yana jera bulo, ni ina kai masa kwaɓi hawa na biyu, cikin zafin da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya fito. Gwiwoyina suna ƙara kamar ƙyauren gidan haya. Sarkin Doya kuwa yana kan kujerata, hannu a sama kamar mai rantsuwa, yana kurɓar shayina. In na gifta ya ce sannu da aiki Baƙo, a bi a hankali kar a zubar da kayan kamfani. Na roƙe shi ya ɗaga mini ko na minti biyar ne. Ya ce in kawo takardar da ta nuna kujerar tawa ce, shi dai da ya zo bai tarar da kowa a kai ba.

Da yamma ni nake shafa masa man, don duk duniya babu wanda ya kai ni son ya warke. A kwana na goma muraƙib ya ce a kwance bandejin ya gani. Na ce ba laifi, sai dai ya toshe hanci, kuma in iska ta shiga sai an yanke. Ya ja da baya. Juma'ar farko da muka gwada babu komai. Ta biyu wasu 'yan layuka suka leƙo kamar gero ya fara tsiro.

Ranar tafiya mai kai takardar ya zo da jakarsa bayan la'asar. Sarkin Doya ya wanke hannu ya yi bisimilla. Na ce kar tawada ta yi yawa, ya kwantar da yatsan ta gefe ya mirgina, ba ya danna kamar mai kashe kwarkwata ba. Ya ɗaga. Zanen ya fito, gefe guda a shafe, amma ana ganin kewayen tsakiya sarai. Muka yi ta hura takardar mu uku har ta bushe.

Bayan kamar wata biyu saƙo ya zo masa muna cikin mota. An karɓi gidansu cikin masu ƙara, kotu kuma ta ce a dakatar da aiki a gefen maƙabarta sai an gama shari'a. Maganar gonaki shiru, har na baro Riyad ma ba a gama ta ba. Ya saurari saƙon sau uku, ya juya fuska wajen taga. Sai da muka wuce unguwar Gubaira ya ce ƙaninsa ya je ya share kabarin babansu, har ya tarar da ciyawa ta rufe shi.

Ranar ban tsokane shi ba. Na bari sai washegari.